Maganar da Gwaggo Ta Kasa Faɗa

Gwaggo ta rasu ranar ashirin ga azumin bana, da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na Tawa. Kafin azahar an kai ta. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata har ba wurin ajiye takalmi, kowa leɓensa a bushe da ƙishirwa, amma hakan bai hana kowa magana ba.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce maƙwabciyarmu mai awaki, matar da suka shekara talatin suna faɗa ta kan katanga. Tana share majina da bakin zane tana cewa, “Wayyo ni! Yanzu wa za shi zage ni da sahe?” Matar mahaucin bakin kasuwa ta zo da saƙon mijinta, wai tun da ya ji labari ya kasa riƙe wuƙa. Wasu mutanen ƙauye da ban ma shaida fuskarsu ba suka tsuguna a zaure, suka ce sun taɓa kwana gidan nan lokacin da suka kawo majinyaci likita. Sai wata Hajiya ta gyara zama, ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta ce, “Kai, wagga ta yi sa'a. Mutuwa cikin azumi, ga goman ƙarshe ta kawo jiki. Kuma ta tahi ba haƙƙin kowa bisa kanta.”

Mata suka amsa da “ƙwarai kuwa”. Ni ma na motsa baki kawai. Na san Hajiya alheri take nufi, haka ake faɗa a gidan makoki. Sai dai na san ba gaskiya ba ne, Gwaggo ma ta sani, kuma da tana iya tashi da ita za ta fara ƙaryata ta. Akwai haƙƙi guda a kanta. Shekara ashirin tana bin sa da ƙafa, ta mutu ba a sauke mata shi ba. Saboda shi nake wannan rubutu, ba don in ƙara yawan masu yabo ba.

Yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ina da shekara huɗu, Gwaggo ta zo ta ɗauke ni ba ta tambayi kowa ba. Nata biyu sun koma tun suna goye, mijinta ma bai yi tsawon rai ba, ta ƙi sake aure. In an yi mata zancen sai ta ce ta ɗanɗana, ta gode. Doguwa ce, siririya, da muryar da ke ratsa katanga uku. In ka ji ta ce, “Zo nan, ɗan albarka,” to ka shirya, zagi ne ke tafe. Ba ta taɓa sayen nama ba tare da ta gaya wa mahauci cewa dabbar tasa yunwa ce ta kashe ta ba. Shi kuma ba ya jin daɗin ranar in ba ta zo ba.

Amma wannan bakin ne dai ke tsayar da baƙo a hanya ya ce masa, “Kai, ina za ka da wagga rana? Shigo ka sha ruwa.” Randarta ta ƙofar gida ba ta taɓa bushewa ba. Duk wanda ya kawo mara lafiya likita daga ƙauyukan arewa, in ba shi da kowa a gari, direbobin tasha gidanmu suke nuna masa. Na tashi ina tsallake baƙi a zaure in zan tafi lakwal, wato makarantar boko. Da asuba za ta dama kunu ta cika kwano, ta ɗora mini a kai, mu tafi likita wurin mutanen da ba mu san sunansu ba. In na yi ƙorafi sai ta ce, “Yi shiru, ƙahwahunki ba su ƙarewa.”

Goman ƙarshe na azumi kuwa, wata Gwaggo ce daban. Ta ji a wurin tafsiri tun tana amarya cewa a daren Lailatul Ƙadari Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawansa komai yawansa, domin shi mai afuwa ne, yana kuma son afuwa. Amma abin da ke tsakanin mutum da mutum, wannan sai mai shi ya saki. Ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Malamai sun sha cewa a nemi daren a duk mara na goman ƙarshe, tana kuwa tashi a dukansu, amma a zuciyarta daren ashirin da bakwai shi ne, kamar yadda yawancin tsofaffinmu suka ɗauka. Don haka kafin ya zo sai ta bi unguwa gida-gida. Ta durƙusa wa babba, ta durƙusa wa yaro. Na taɓa ganin ta tana neman gafarar wata 'yar talla da ta ranƙwashe watanni shida da suka wuce, yarinyar ta tsorata ta gudu ta bar farantinta.

Gidan mai awaki ne ake taruwa kallo. Gwaggo za ta shiga da sallama, ta sauke murya, ta ce, “Maƙwabciya, ki yahe mani abin da niy yi maki, wanda nis sani da wanda ban sani ba.” Ita kuma ta ce, “Na yahe, ni ma ki yahe mani.” Su rungumi juna, har da hawaye. Sai Gwaggo ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, ta ce, “Amma jar akuyag ga taki, in ta sake shigo mani gida, wallahi sai na karya mata ƙahwa.”

Kowa a unguwa yana ce mata ya yafe. Mutum ɗaya ce ba ta ce ba, ita kuwa ba a unguwar take ba.

Gwaggo tana da ƙawa a wani ƙauye gaba da Barmu. Ƙawance na gaske nake nufi, wanda aka ƙulla tun suna 'yan mata, aka kai ƙwarya aka maido, kowace ta zama mai tsaya wa ɗaya a biki da makoki. Ba sa kiran sunan juna, “Ƙawa” kawai suke cewa. Ni kuma Inna nake ce mata. Buzuwa ce, Hausarta da Buzancinta duk ɗaya, kuma ba a yi mai iya cuku kamarta ba a wannan yanki. Ita ke yi ta aiko a motar kasuwa, Gwaggo ta sayar a Tawa. Da wannan cuku aka raine ni.

Ɗan farin Inna da ya isa shiga kwaleji, gidanmu aka kawo shi. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya yi sallama ma wani ke amsawa. Da ya dawo hannun Gwaggo sai ta samu sauƙi, ta riƙa ce masa “ɗan Ƙawa”. In ta zo gari ba za ta tambayi lafiyarsa ba, sai dai ta ce, “Ƙawa, ɗanki na cin abinci kuwa? Na ga wuyanai ya yi tsawo.” Gwaggo kuwa ta riƙe shi riƙon ɗa. Ta yi masa faɗa, ta yi faɗa saboda shi, ran da aka doke shi a makaranta har ofishin darakta ta je da zane a ɗamare.

Shekara bakwai muna ci a gida ɗaya. Ba sai na yi dogon bayani ba, na so shi, ya so ni. Da ya gama karatu ya fara aikin gyaran rediyo a bakin kasuwa, sai ya turo baffanninsa.

Ranar Juma'a suka zo, su uku, da rawunansu da ƙullin goro. Suka zauna a zaure da mahaifina. Ina cikin ɗaki ina jin komai, na ji mahaifina ya fara sassautowa. Shi kansa mai neman yana tsaye a waje jikin bishiyar ƙofar gida. Sai ga Gwaggo ta fito daga bayan ƙyaure, ta shiga zauren maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, da wannan muryar tata:

“Ku yi haƙuri. Ƙawance daban, aure daban. Ba mu ba da ɗiya gidan da anka sayi kakansu.”

Na ji ƙarar takalma, na ji sun fita ba sallama. Goron nan ya kwana uku a kan tabarma ba wanda ya taɓa shi.

Har yau ban san daga ina maganar ta fito mata ba. Matar da ta sha ruwa a moɗa ɗaya da Inna shekara arba'in, ta wanke wa yaron nan kaya da hannunta. Wataƙila wasu dangi ne suka hura mata kunne, wataƙila kuma abin yana kwance a cikinta tun daga kakanni ba ta sani ba sai da aka taɓo shi. Ko ma daga ina ne, mummunar magana ce, Allah bai ce ba, Annabinsa bai ce ba, kuma Gwaggona ce ta faɗe ta.

Ɗan Inna bai yi mako a gari ba ya shiga motar Abijan. Bai aiko wasiƙa ba, bai aiko gaisuwa ba. A shekara ta uku wani ɗan ƙauyensu ya dawo daga ci-rani da jakarsa da labari: zazzaɓi ne, kwana biyar, an rufe shi can. Waɗanda suka je gaisuwa sun ce Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗaya a gaban mutane ba. Tana ta kai ruwa tana kawo tabarmi, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Kunyar ɗan fari ba ta ƙarewa don ya mutu.

Cuku ya daina zuwa tun ranar Juma'ar nan. An yi ta kawo wa Gwaggo na wasu, ta ƙi karɓa, ta koma tuyar ƙuli-ƙuli tana tsine wa hayaƙi. Ni kuwa na yi shekara biyu ina ci a kwanonta ba na yi mata magana sai ta dole. Daga baya na auri malamin makaranta, mutumin kirki, 'ya'yanmu huɗu, ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Duk shekara Gwaggo kan zo ɗakina ta ce in yafe mata wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, in ce na yafe, ta fita. Bakina ne ke faɗa.

Azumin da ya biyo bayan rasuwar ɗan Inna, Gwaggo ta fara tafiya ƙauyensu. Ranar ashirin da shida ga wata, da sassafe, ta ɗauki ƙullin sukari da shayi da dabino ta nufi tasha. Ta kwana can, ta dawo washegari, ba ta ce wa kowa komai ba. Shekara ta zagayo ta sake. Lokacin da ta fara, azumi a kaka yake faɗowa, ana yankan hatsi. Ya ja baya ya shiga damina, ta yi shekarun da ƙorama ke cika mota ta kasa wucewa, ta naɗe zane ta ratsa ruwa har ƙugu. Ya shiga bazara, zafin da ko jaki ba ya son fita, tana tafe a kan duwatsun Adar da azumi a bakinta tana da shekara saba'in da wani abu. Yayana ya yi faɗa, likita ya yi faɗa, limamin unguwa ya ce mata matafiyi yana da sauƙi, ta sha ruwa ta rama. Ta ce masa, “Malam, ni ba sauƙi ni ka nema ba.”

Shekaru uku na ƙarshe ƙafafunta sun yi rauni, sai na riƙa raka ta. A nan na ga abin da ke faruwa, kuma kullum iri ɗaya ne. Inna za ta tarbe mu, ta sa a shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, a kawo ruwan wanke ƙafa. Su gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da dabbobi da zafi da ciwon gwiwa. Bayan la'asar sai Gwaggo ta sauka daga tabarma ta durƙusa a ƙasa, ta ce, “Ƙawa, ki yahe mani abin da niy yi maki, wanda nis sani da wanda ban sani ba.”

Inna ta dube ta, ta ce, “Mi kinka yi mani?”

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta buɗe baki, ta rufe. Matar da ba a taɓa rufe mata baki a kasuwar Tawa ba, ta zauna tana zane ƙasa da yatsa. Can ta ce, “Kin sani.”

Inna ta jira kaɗan, sannan ta dafa gwiwa ta tashi, ta ce bari ta duba awaki. Shi ke nan. A sha ruwa tare, a yi salla kafaɗa da kafaɗa, kowace ta yi addu'arta, da safe mu kama hanya.

A shekara ta biyu da na raka ta na kasa haƙuri. Muna jiran mota a Barmu na ce, “Gwaggo, don Allah mi ka hana ki hwaɗi? Ta tambaye ki. Shekara nawa tana wagga tambaya!”

Ta harare ni. “Ke ba ki da hankali? In ambaci ɗan hwarinta gabanta? Gaban surukanta? Ina kunya?”

“To ita kunyar ta kai ki ina?”

Sai ta ce a hankali, “Ba shi kaɗai ba ne. Maganag ga, sau guda bakina yaɗ ɗauke ta. In na zo maimaita ta sai in ji harshena ya mutu.” Ban sake tayar da zancen ba, kuma na yi nadamar hakan.

Bana ta faɗi ranar sha shida ga azumi, tana shara. Hawan jini ne. Kwana biyu a likita suka ce mu koma gida da ita. Gefenta na dama ya mutu, magana na fita da ƙyar. Ƙullin tafiyarta kuwa tuni yana ɗaure a ƙarƙashin gado, tun farkon wata ta haɗa shi. Kowace safiya in ta buɗe ido tambayarta ɗaya ce: “Yau nawa ga wata?”

Ranar sha tara, bayan azahar, mu biyu ne a ɗakin. Ta kama hannuna da hannunta mai rai, ta ja ni har kunnena ya kusa bakinta. Ta ce, “Ke ma ban taɓa hwaɗa maki ba.” Ta huta. “Na raba ki da yaron kirki. Na ce masu bayi. Ƙarya ce, ba wanda yaf fi wani. Ni nak kore shi, can yam mutu.” Kalma-kalma take fiddawa, gumi na tsatso mata. “Ki yahe mani wanga.”

Shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da abu a ƙirjina, na saba da shi har na manta nauyi ne. Na kifa kaina a kan cikinta na yi kukan da ban yi ba ranar da ya shiga mota, ban yi ba ranar da aka kawo jakarsa. Na ce na yafe, kuma a karon farko ba bakina kaɗai ke magana ba. Ta shafa kaina. Ta ce, “To, ashe ana iyawa. Bana in sha Allahu ni hwaɗa mata.” Washegari da hantsi ta cika.

Kwana biyar ina karɓar gaisuwa, hankalina na kan ƙullin da ke ƙarƙashin gado. Ranar ashirin da biyar na samu yayana a zaure, shi ne babba a gidan yanzu. Na ce masa gobe zan tafi ƙauyen Inna, na kuma gaya masa abin da zan faɗa.

Ya ajiye carbi. “Jibi sadakar bakwai. Ke ta ɗiyatta, ki bar zaman makoki ki tahi yawon ƙauye? Mi mutane za su cewa?”

“Su ce abin da sunka ga dama, Yaya.”

“Abin da anka ruhe shekara da shekaru shi za ki tonowa? Mutane na yabon ta, ke ki tahi ki ɓata sunanta tana kabari? Allah mai gahwara na. Mu yi mata addu'a, mu yi sadaka, shi ke nan.”

Na ce, “Allah mai gahwara na, ban musa ba. Amma wanga haƙƙi ba na Allah ba ne, na tsohuwa ne mai rai, tana can zamne, ta hi shekara tamanin. In ta bi Gwaggo kahin baɗi, wa za mu roƙo? Sunan da kaka tsoro, ba shi za a tambaye ta ba can inda take.”

Ya ce bai yarda ba. Na ce ban zo neman yarda ba, sallama na zo yi. Ban taɓa yi wa yayana irin wannan magana ba, amma jinin Gwaggo ne ya motsa. Maigidana da na gaya masa, ya san labarin duka tun kafin aurenmu, da safe sai ya tada babur ya kai ni tasha.

Motar ta cika da buhuna da mutane, muka yi ta hawa duwatsu muna sauka. Daga Barmu na hau kabu-kabu. Tun a hanya nake maimaita maganar a zuciyata, kuma duk lokacin da na kai tsakiyarta sai in ji yawuna ya ƙafe. A nan na daina ganin laifin Gwaggo na shirun shekara ashirin.

Na isa ana kiran la'asar. Matan gidan na daka a tsakar gida, maƙwabta biyu na taya su, don a ranar kowane gida na yin tuwon sadaka. A inuwar rumbu na ga tabarma a shimfiɗe, ga butar ruwa a gefe. Surukar Inna ta tarbe ni ta karɓi ƙullin, ta raɗa mini, “Tun da sahe tac ce a shimfiɗa. Munka ce mata ai ta rasu, an bugo waya. Tac ce ta sani, a shimfiɗa dai.”

Inna na zaune a bakin tabarmar, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta gane muryata. Ta yi mini gaisuwar rashi yadda ake yi, a taƙaice, Allah shi jiƙan ta, Allah shi ba da haƙuri. Muka yi salla. Sannan na sauka daga tabarma na durƙusa a ƙasa.

“Inna, na zo da saƙon Gwaggo.”

“Ita ta aiko ki?”

“Ta yi niyyar zuwa da kanta, ba ta kai ba. Ni na aiko kaina.”

Ta juyo da fuskarta wajena. “To. Mi tay yi mani?”

Na so in matsa kusa in faɗa a kunnenta. Sai na tuna a gaban mutane aka yi abin, da murya mai ratsa katanga. Na ɗaga murya yadda masu daka za su ji. Na ce ranar Juma'a kaza baffanni uku sun zo gidanmu da goro. Na maimaita abin da Gwaggo ta faɗa a zaure, kalma da kalma, ban rage ba, ban sassauta ba. Taɓarya ta tsaya a turmi. Na ce Gwaggo ta gaya mini da bakinta, kwana ɗaya kafin ta cika, cewa ƙarya ce, ba wanda ya fi wani, kuma ita ce ta kore shi har ya mutu a ƙasar mutane. Sannan na yi abin da ba a yi. Na ce, “Wanda anka yi ma wanga zalunci ɗanki na, Inna, ɗan hwarinki.” Na kira sunansa.

Wata daga cikin matan ta ce “Subhanallahi” ta rufe baki. Surukar ta yi kamar za ta zo ta janye ni. Inna ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

“Wa kinka ce?”

Na sake faɗa.

“Ƙara.”

Na ƙara.

Ta ce, “Tun da anka kawo jakatai ba wanda yak kira shi gabana. Kowa na jin kunyata. Har na hwara tunanin ko ni ɗai nis san an yi shi.” Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa. Ba ta yi ƙara ba da farko. Daga baya kukan ya fito, irin na wadda aka kawo wa labari yanzu-yanzu. Matan suka bar turmi suka zo suka zauna kewaye da ita, babu wadda ta ce ta yi haƙuri. Muka bar ta ta yi.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa kafin ta sauke mayafin. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

“Ƙawata wawuya ce,” in ji ta. “Shekara ashirin ina buɗe mata ƙohwa tana tsaye tana kallo. Ni ba durƙuso nika so ba, ba sukari nika so ba. So nike wani shi ce an yi, kuma ba daidai ba ne. Da ta hwaɗi shekarar hwari, da shekarar hwari mun gama.” Ta share ido. “Ni ma ina da nawa. Na ga tana tsuhwa, na ga ƙahwahunta, ban taimake ta ba.”

Ladan ya kira salla daga masallacin ƙauye. Aka miƙo mata moɗar ruwa, aka miƙo mini. Ta riƙe tata ba ta kai baki ba, mu ma duk muka dakata.

“Ku shaida,” ta ce wa matan. “Na yahe ma Ƙawa. Duniya da lahira na yahe mata. Wanga dare shi iske ta ba ta da nauyina.”

Sannan ta ajiye moɗar a ƙasa, ta ɗaga hannuwa biyu, ta roƙi Allah ya yi wa mutum biyu rahama, ya haskaka kabarinsu, na Tawa da na Abijan. Ta kira su da sunayensu. Na Gwaggo ya fito da sauƙi. Na biyun sai da ta gwada sau biyu kafin ya fito.

Muka ce amin, muka sha ruwa.